Ungozomar Hadari

Ƙarfe ɗaya da kwata. Abuja ta yi barci,
saura ni, da Gyang, da butar shayi mai tsatsa a baki.
Can kan hasumiya, bayan filin jirgi,
farin ƙwallon nan na juya idonsa a ɓoye,
yana ƙwala wa sama kira, yana jiran amsa-kuwwa.
Abin da ya dawo, shi nake karantawa.

Tun magariba allon baƙi wuluk.
Sai ga kore ya ɗiga a gabas, ƙwayar gero guda,
bayan duwatsun Shere.
Hannun na'ura ya zagayo: sun zama uku.
Ya sake zagayowa: sun haɗa kai, sun yi rawaya,
ja na tsattsafowa a tsakiya
kamar yatsan da wuƙa ta samu wurin yankan kuɓewa.

Gyang ya ajiye kofi, ya ce, "Wannan da ƙanƙara."
Na san ba allo yake gani ba,
gonar dankalin babansa ce, saura mako uku a haƙa.

Na rubuta: kilomita hamsin cikin awa, goshinsa yamma.
Na aika wa masu saukar da jirage, na aika gidan rediyo,
sannan na yi abin da ba ya cikin takardar aiki,
na kira Inna a Gangare.

"Ki ɗaga buhun masara. Ki tashi su Hajjo,
kada wanda ya kwana ɗakin bakin rafi."
Ta yi dariyar mai barci.
"Gwiwata ta riga injinki, 'yar nan.
Tun la'asar tururuwa ke hawa katanga da ƙwai a baki."
Ba ta rufe baki ba wayar ta cika da rugugi,
ruwa na dukan kwanon da na girma a ƙarƙashinsa,
ni kuwa ga shi a gabana, ja, shiru,
babban yatsana ma ya rufe shi.

Biyar saura ya iso mana.
Iska ta fara zuwa, ta kifar da bencin mai gadi,
wuta ta ɗauke, janareto ya yi tari ya kama,
jirgin asuba ya haƙura.
Rabin awa muna cikin jan da muke kallo.
Daga nan ya taka Gwagwalada, ya miƙi hanyar Bida,
ya fice ta gefen allona
kamar baƙon da ya ci tuwo bai yi sallama ba.

Yawancinsu a hanya suke mutuwa.
Amma akwai mai taurin rai
da zai ƙetare ƙasashe har bakin teku,
ya sha ruwan ɗumi ya ƙoshi,
ya koyi juyi irin na mazari,
ya buɗe ido ɗaya tal a tsakiyar cikinsa.
Bayan kwana goma sha, can wata uwa duniya,
za a raɗa masa suna, ba rago, ba goro.
In gan shi a talabijin, mutane na kafe taga da katako,
in ce, anya ba kai ba ne?
Na san ka kana ƙwayar gero.

Ba ni na haife shi ba, linzaminsa ba ya hannuna.
Na dai ga fitowar kansa, na yi shela.

Bakwai, Inna ta kira:
rafi ya hau matakala uku ya tsaya,
kaza ɗaya ba a gan ta ba.
Gyang ya kira gida sau shida, ba a ɗaga ba tukuna.
Ya zauna yana goge allon da hannun riga,
ga shi kuwa babu komai a kai.